Mai Sito Ya Share Kwamfutar Matarsa

“Baba, me ya sa ake ce maka Injiniya, alhali duk abin da ka gyara sai Mama ta kai wa mai gyara?”

Yarinya ce ƙarama ta yi wannan tambayar a tsakiyar falo, gaban baƙi, bakinta cike da biskit. Baƙi suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Uwar ta miƙe wai za ta duba ruwan shayi. Uban ya gyara zama, ya ce yaran yanzu ba su da ta-ido. A kan uban yarinyar nan za mu yi magana yau, ya 'yan uwa, don ni da ku mu tsira daga abin da ya same shi.

Wani bawan Allah ne aka yi, mai kula da sito a wani kamfanin sayar da kayan wuta da na famfo. Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne. Yana salla a kan lokaci, yana ciyar da iyalinsa, in ya dawo aiki ba ya shigowa hannu rabbana. Cutarsa guda ɗaya ce: bakinsa bai iya furta “ban sani ba”. In fanka ta tsaya, shi ne. In ƙofar firji ta ƙi rufuwa, shi ne. Zai kwance abu a tsakar ɗaki, ya mayar, kusoshi su yi saura a hannunsa, ya ce dama kamfanin ne ya sa su don ado. Maƙwabta suka laƙaba masa Injiniya don tsokana. Shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, in an kira sai ya amsa yana turo ƙirji.

A sito kam gwani ne, wannan ba a ƙwace masa ba. Dokarsa a can ita ce, duk kwalin da ya daɗe ba a taɓa shi ba, ya zama shara, a fitar da shi a samu wuri. In kanta ta cakuɗe kuwa, ba ya ɓata lokaci wajen gyara kwali ɗaya-ɗaya. Sai ya sa leburori su sauke komai su jere a baranda, a share kantar tas, a goge, sannan a mayar da kaya a tsare. Manaja yana yaba masa, baƙi in sun shiga sitonsa sai su ce kamar kantin magani.

Matarsa malama ce a makarantar ƙananan yara. Tana da kwamfuta irin ta sawa a jaka, tsohuwa, da take shirya darasi a kanta. A cikinta ta tara hotunan 'yarsu tun daga ranar da aka haife ta. Yarinyar ita ce mai tambayar nan, suna kiranta Tsuntsuwa saboda bakinta ba ya hutawa. A cikin hotunan akwai wani ɗan bidiyo da ya fi komai daraja a gidan. Mahaifin Injiniya ne, wanda kowa ke kira Tsoho, yana zaune a kujera da Tsuntsuwa tana jaririya a cinyarsa. Yana yi mata waƙa da muryarsa mai kama da ƙarar tsohuwar ƙofa, ita kuma ta damƙi gemunsa ta ƙi saki, yana ihu a zo a cece shi. Bayan ɗaukar bidiyon ba da daɗewa ba Allah ya yi masa rasuwa. Wayar da aka ɗauka da ita ta faɗa bokitin wanki ta mutu. Saboda haka duk duniya babu inda muryar Tsoho ta rage sai cikin kwamfutar nan. Malama kullum tana cewa za ta kwafe a filashi, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, kullum sai gobe.

Inna, mahaifiyar Injiniya, duk sanda ta zo ziyara, ko mayafi ba ta gama cirewa take cewa, “Ku kunna min tsohon nan in ga ko ya ƙara tsufa.” A kunna mata, ta yi dariya har da hawaye, ta ce wa allon, “Wa ya aike ka barin gemu?” Sannan a kawo mata ruwa ta sha.

Wata Asabar da safe Malama ta ja Tsuntsuwa suka tafi kasuwa. Injiniya ya zauna shi kaɗai, ga wasannin ƙwallo da abokinsa ya tura masa, yana so ya kalla a babban allo. Ya ɗauko kwamfutar matarsa ba tare da ya tambaya ba. Da ya zo zubawa, kwamfuta ta ce babu wuri.

Babu wuri? A gaban mai sito?

Ya naɗe hannun riga. Ya taɓa ganin wani bidiyo a waya da ke nuna yadda ake fito da fayilolin da kwamfuta ke ɓoyewa, fayil kuwa shi ne kowane abu guda da aka ajiye a cikinta, hoto ne ko rubutu ko wani umarni da take aiki da shi. Ya fito da su, ya jera su daga mafi tsufa. Sai ga wasu masu sunaye marasa kan gado, haruffa da lambobi a cakuɗe, kwanan watansu ya girmi aurensa. Ya girgiza kai cikin tausayin matarsa. Tarkace irin wannan a zaune shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa, ba wanda ya tambaya! Da a sitonsa ne da tuni motar shara ta wuce da su.

Ya zaɓe su ya danna gogewa. Kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce ya tabbata. Ta ce waɗannan nata ne, tana aiki da su, sai da izini na musamman. Ya koma wayarsa ya nemo yadda ake ƙwace izinin, ya ƙwace. Wasu fayilolin suka ƙi tafiya, wasu suka tafi. Ya bi su har kwandon sharar kwamfutar ya zazzage. Wurin da ya samu bai isa ko rabin wasa ɗaya ba. Ya yi tsaki, ya kashe kwamfutar, ya mayar da ita jaka, ya daidaita zif ɗin yadda ya same shi.

Ya 'yan uwa, abin da bai sani ba shi ne, ba duk abin da ya daɗe a zaune ne shara ba. Ginshiƙin ɗaki ma ba wanda ke taɓa shi. Fayilolin nan da su kwamfuta take tashi kowace safiya.

Da yamma Malama ta buɗe kwamfuta za ta shirya darasin Litinin. Allo ya yi baƙi ƙirin, sai ɗan farin rubutu a sama yana cewa an rasa wani fayil da ake buƙata wajen tashi. Ta kashe ta kunna, haka. Ta cire caja ta mayar, haka. Ta dafe ƙirji ta juyo.

“Baban Tsuntsuwa, ka taɓa ta ne?”

Ku duba nan da kyau. A wannan lokacin ƙofa a buɗe take. Da ya ce, “Ni ne, ki yi haƙuri,” da an yi ɗan faɗa, an yi ɗan gori, an ci abinci an kwanta. Amma yaya Injiniya zai ce ya ɓata abu? Ya ɗaga ido daga kwanon abincinsa, sai ya hango Tsuntsuwa a ƙasa tana jera murafen kwalba.

“Ni? Me zan yi da ita? Na dai ga yarinyar nan jiya tana danne-danne a kai.”

Gaskiya ne ta danna. Jiya ta zauna gaban kwamfutar tana wasan ofis, tana buga madannai tana amsa wayar ƙarya. Amma kwamfutar a kashe take, kuma ya san haka.

Malama tsoron hotunan ya rufe mata ido. Ta yi wa yarinyar faɗa mai zafi, ta hana ta kallon katun, ta ce kada ta sake ganin ƙafarta kusa da teburin nan. Tsuntsuwa tana kuka tana cewa, “Mama a kashe take, wallahi a kashe take.” Uban ya ci gaba da cin abincinsa, har yana cewa a yi mata a hankali, ai yarinya ce. Kun ji fa. Shi ya cinna wutar, shi ne kuma mai ba da haƙuri.

Washegari Malama ta ɗauki hoton baƙin allon a wayarta, ta biya shagon mai gyara da ke bakin titinsu. Mutum ne mai ƙiba da fara'a, shagonsa cike da gawarwakin kwamfutoci har rufi, kullum da kofin shayi a gefen ƙarfen narka dalma. Ya duba hoton ya yi dariya.

“Malama, kwantar da hankalinki. Gida ne makullinsa ya ɓata, kayan ciki suna nan lafiya. Zan tashe ta da filashi, in fara kwashe miki hotunanki gefe, sannan in sa ta mayar da fayil ɗin da kanta. Kafin shayin nan ya huce mun gama.”

Ta ce masa yarinya ce ta yi ɓarnar. Ya karkata kai.

“Yarinya? Wurin nan a ɓoye yake, a kulle kuma. Sai babba mai naci. Kawo ta dai, in na buɗe zan ga abin da aka yi mata.”

Malama ta dawo gida da murna, ta kwashe duk yadda suka yi ta faɗa wa mijinta, har da maganar babba mai naci, ba tare da ta kawo komai a ranta ba. Injiniya ya ji gumi yana bin bayansa, ga fanka tana juyawa. Zai ga abin da aka yi mata! Ya hango kansa tsaye a shagon nan, mai gyara yana nuna allo da yatsa, matarsa tana kallonsa, yaran shago suna kallonsa, gobe labari ya gama layi.

Ya ce, “Bar shi, kada ki wahalar da kanki. Ai kan hanyata ne, ni zan kai masa da safe.”

Da safe ya rataya jakar, ya wuce shagon mai gyara yana kallon ɗaya gefen titi kamar an kira shi a can. Ya zarce sito. Akawun kamfanin yana da filashi irin wanda ake tayar da kwamfuta da shi, ya je ya aro. Akawu yana sauri zai shiga wurin manaja, ya miƙa masa yana cewa, “In ta tashi ka zaɓi gyara, kada ka zaɓi sabo. Ko dai ka jira in fito mu yi tare?”

“Ni za ka koya wa?” in ji Injiniya.

Ya shiga sito ya rufe ƙofa, ya ɗora kwamfutar kan kwalin kwan fitila, ya soka filashi. Bayan 'yan dabaru ta tashi. Allo ya nuna masa hanya biyu. A can ƙasa a lungu, da ƙananan haruffa, an rubuta gyara. A tsakiya, da manyan haruffa, an rubuta a zuba sabo.

Ya tsaya yana nazari irin na masana. Gyara ai faci ne, aikin malalata. Kuma in ya yi faci, wa ya sani ko sawun abin da ya yi zai rage? Kantar da ta cakuɗe, me ake yi mata? A sauke komai, a share tas, a mayar. Ya zaɓi sabo. Kwamfuta ta nuna masa rumbunta, inda take ajiye komai, ta tambaya ko a share shi. Ya ce a share. Ta gargaɗe shi cewa duk abin da ke ciki zai tafi. Ya yi murmushi. Ai dole ya tafi, in ba a fitar da kaya ba ta yaya za a yi shara? A ransa kwamfuta za ta jere hotunan a wata baranda tata, kamar yadda leburorinsa ke yi, in ta gama ta mayar.

Ya 'yan uwa, kwamfuta ba ta da baranda.

Ya danna. Ta yi ta aiki, shi kuma yana zagaye sito yana fito da baki. Can sai ga ta ta tashi, allo shuɗi fes, tana gudu kamar sabuwa. Injiniya ya ɗaga hannu sama shi kaɗai a cikin kwalaye. Bai ko leƙa wurin hotuna ba. Ya ɗauko wasannin ƙwallonsa ya zuba duka, ya ƙara da finafinan da ke wayarsa, ya ƙara da na direban kamfani. Wuri ya samu har ya yi yawa. Ya yi ta jin daɗin yalwar wurin, bai tambayi kansa daga ina wurin ya fito ba.

Da yamma ya shigo gida kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Har maƙwabcinsu ya kira ya zo ya shaida. Ya ajiye kwamfutar a tebur, ya danna, ta tashi. Malama ta yi hamdala, Tsuntsuwa ta yi tsalle tana tafi daga nesa, don har yanzu an hana ta matsowa.

“Mai gyaran ya yi sauri,” in ji Malama.

“Wane mai gyara? Hannun nan ne. Ku kuna raina mutum. Dubi yadda take gudu yanzu. Dama tarkacen nan da na fara kwashewa ranar Asabar su suka cushe ta, da na samu na gama da su tun a ranar...”

Ya tsaya. Maƙwabci ya tuna ya bar ruwa yana zuba a gida, ya fice.

“Ranar Asabar,” in ji Malama a hankali. “Wane tarkace ka kwashe ranar Asabar?”

Ta jawo kwamfutar gabanta, ta buɗe wurin hotuna. Wayam. Ta buɗe wurin darussa. Wayam. Ta buɗe wurin bidiyo, sai ga 'yan ƙwallo jere reras.

“Ina hotunan?”

“Suna nan. Ta ajiye su gefe ne.”

“Wane gefen?”

Ya karɓa ya yi ta dube-dube, yana buɗe nan yana rufe can. Babu gefe.

Washegari su biyu suka je shagon mai gyara. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya ce abin da aka share yakan bar sawu a rumbu, ana iya tono shi muddin ba a zuba wani abu a kansa ba. Da an kawo ta nan take bayan sharar, da an ceto da yawa. Amma an zuba ƙwallo da finafinai sun danne wurin. Ya ce su bar masa ita ya gwada iya ƙoƙarinsa.

Ya yi kwanaki yana tono. Abin da ya fito bai cika tafin hannu ba. Hoton silin da aka ɗauka bisa kuskure. Hoton wata atamfa da Malama ta taɓa tura wa tela. Sai rabin wani hoto, samansa toka-toka ba komai, ƙasansa ƙafafun Tsoho cikin takalmansa, da 'yar ƙafar jaririya tana reto a gefen gwiwarsa. Bidiyon kuwa ko daƙiƙa ɗaya ba ta dawo ba.

Malama ta durƙusa gaban 'yarta ta ce, “Ki yafe min, na yi miki faɗa a kan abin da ba ki yi ba.” Tsuntsuwa ta ce, “Ai na faɗa miki a kashe take.” Ta yafe, aka kunna mata katun, magana ta wuce a wurinta da uwarta. Uban ma ya sayo alewa ya zo lallashi. Ta karɓi alewar, ta dube shi, ta ce, “To me ya sa ka ce ni ce?”

Ana nan sai ga Inna ta zo ziyara. Ta shigo da fara'arta, ta rungumi jikarta, tana warware mayafi tana cewa, “Ku kunna min tsohon nan in ga ko ya ƙara tsufa.”

Malama ta dubi mijinta, ta shige kicin. Wannan bayanin nasa ne. Ya zauna a ƙasa gaban mahaifiyarsa, ya faɗa mata komai. Sannan ya buɗe mata rabin hoton.

Inna ta daɗe tana kallo. Ta kai yatsa ta shafa allon.

“Takalman nan ni na saya masa. Kullum sai ya ce sun matse shi, kuma bai taɓa fita da wasu ba.”

Ta mayar da mayafinta ta rufe kanta.

“Tafiyarsa ta farko Allah ne ya ɗauke shi, na yi haƙuri. Wannan ta biyun kai ka kore shi.”

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ya 'yan uwa, me ya kai bawan Allahn nan ga wannan? Goge fayil ba zunubi ba ne, kuskure ne, kuma kuskuren da za a gyara kafin kofin shayi ya huce. Abin da ya hallaka shi girman kai ne. Girman kai ya sa ya taɓa kayan da ba nasa ba, ya yi musu hukuncin sito. Girman kai ya hana shi cewa “ni ne”. Sai ya nemi wanda ba zai iya kare kansa ba a gidan, ya ɗora masa. Daga nan duk abin da ya yi, ba gyaran kwamfuta yake ba, gyaran ƙaryarsa yake. Kwamfuta ta gargaɗe shi, akawu ya gargaɗe shi, shagon mai gyara yana kan hanyarsa a buɗe. Wa zai zarga?

Ku kuma iyaye 'yan uwana, ku ji tsoron Allah a kan yara. Yaro ba kwandon zuba laifi ba ne. Kofi ya fashe, yaro ne. Rimot ya ɓata, yaro ne. Don ba shi da bakin da za a saurara, ba yana nufin ba shi da mai saka masa ba. Ya ga abin da ya faru, ya san wanda ya yi, kuma yana koyon yadda manya ke fita daga laifi. In yaro ya ce miki bai yi ba, zauna ki saurare shi kafin ki ɗaga murya.

Allah ya raba mu da girman kan da ke hana mutum faɗin “ban sani ba”. Allah ya ba mu ƙarfin cewa “ni ne” tun abu yana ƙarami. Allah ya tsare mu da zaluntar 'ya'yanmu, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu.

Kai mai karatu, ke mai karatu, in akwai muryar wani naku da ta rage a wuri ɗaya tak, ku kwafe ta yau kafin ku ɗora tukunya. In kuma allo ya yi baƙi ya ce ya rasa fayil, ku cire hannunku, kada ku danna sabo, ku kai wa wanda ya sani, ku faɗa masa gaskiyar abin da kuka taɓa.